Tabarau a Cikin Leda

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa lalata komai ba a rayuwarsa, domin bai taɓa bari a yi amfani da komai ba. Kujerun falonsa shekara goma sha tara suna cikin ledarsu. In ka je gaishe shi a ƙasa za ka zauna, kana kallonsu suna kallonka. Matarsa ta ce akwai farantai a gidan da har yau ba su san ɗumin abinci ba.

Da fenti ya fara neman abinci, yana rubuta allunan bakin titi. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya taɓa gama wani allo mai cewa "A rage gudu, akwai kwana", ya yi masa kyau har ya hana a kafa shi, wai rana za ta cinye jan fentin. Wata uku allon yana jingine a shagonsa yana yi wa bango gargaɗi, motoci kuwa suna ta faɗawa rami a kwanar.

Daga nan wani kamfanin haɗa motocin bas ya ɗauke shi rubuta allunan gargaɗi. Manaja ya lura burushinsa ba ya tsufa, sai ya ce ga mai amana, ya danƙa masa makullin siton kayan kariya. Tun ranar sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Makulli.

Sito ne abin kallo. Hulunan kwano a jere suna sheƙi, safar hannu a ɗaure dami-dami, tabarau kowanne cikin ledarsa. Kullum da safe Kawu zai goge su da tsumma, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. A waje kuwa masu walda suna kare fuska da kwali, masu ɗaukar ƙarfe suna naɗe hannu da tsohuwar riga. Ranar da masu duba ma'aikatu za su zo ne kaɗai ake raba kayan. Mu saka, mu yi tsaf kamar za a ɗauke mu hoto. Motar baƙin ba ta gama fita ƙofa ba Kawu ya tsaya da kwandonsa yana karɓa.

Shi ya samo mini aiki a wurin, a kan injin goge ƙarfe. In an yi wa ƙashin mota walda, ni ke bi ina goge tabon, tartsatsi da ɓarɓashin ƙarfe suna yi mini feshi a fuska. Daidai saman kaina akwai allo da rubutun Kawu mai kyau: "Sanya tabarau kafin ka kunna inji."

Na same shi a bakin sito na ce, "Kawu, idona fa. Jiya sai da aka cire mini wani abu da bakin tsumma. A taimaka mini da tabarau ɗaya."

Ya dube ni kamar na ce ya ba ni ƙodarsa. "Ɗana, ka san abin da tartsatsi ke yi wa gilashi? Kwana uku ya zama tarkace. In baƙi suka zo me zan nuna musu?"

"To ni in kare da me?"

"Ka riƙa ƙanƙance ido. Allah ya yi maka gashin ido, ba don ado ba."

Wata bakwai ina ƙanƙance ido. Wata Talata da hantsi na manta, na buɗe don in ga ko tabon ya goge. Ji na yi kamar an soka mini allura mai zafi. A asibiti likita ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan ya ce na hagun ya tafi, sai dai a lallaɓa na daman.

Masu duba suka zo bincike. Suka ga allo a saman injina, suka ga sito cike da tabarau sababbi fil. Suka rubuta cewa kamfani ya tanadi komai, ma'aikaci ne ya yi sakaci. Kawu har takardar yabo ya samu, ya sa ta a leda.

Ranar da zan koma aiki Kawu ya zo gidanmu. Ya rame, idonsa ya yi ja, mahaifiyata ta ce kwana biyu ba ya iya cin abinci. Na shirya maganganu masu zafi, amma da na gan shi haka sai tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na ji tausayin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarau. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da makullin, wannan ne karo na farko da wani abu ya bar siton nan ba don baƙi ba.

"Karɓi, ɗana," ya ce. "Ka yafe mini."

Na karɓa, na fara yaga ledar. Sai na ga ya runtse ido kamar fatarsa ake yagewa. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya yi ta fama da kansa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya juyo.

"In za ka kunna injin," ya ce a hankali, "ka ɗan ɗaga tabarau ɗin sama. Kada tartsatsi ya taɓa gilashin."