Akwatin da Tartsatsi Ya Ja wa Wuta

Ina tsaye bayan kujera, na aske rabin kan wani malamin makaranta, sai mai faci ya faɗo shagona ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ƙarar da na ji ɗazu daga ƙarshen layi, wadda na ɗauka taya ce ta fashe a wurinsa, ashe ba taya ba ce.

"Wanzam, ajiye injin nan," in ji shi. "Sun harbi Tartsatsi."

Na ce, "Wane asibiti aka kai shi?"

Ya zauna daɓas a kan gashin da ban share ba, ya dafe kai. Malamin ne ya zare ƙyallen wuyansa, ya karɓi injin daga hannuna ya kashe. Da na isa shagon walda, na tarar an lulluɓe abokina da zanin gado. Na ɗaga. Gemunsa yana nan yadda na bar shi da safe, gefe ɗaya a gyare, gefe ɗaya ba a taɓa ba.

Tartsatsi mai walda ne. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, kuma karatu bai yi nisa da mu ba mu duka biyu. Sunan ya samo shi ne daga rigunansa, don babu wadda wuta ba ta huda ba. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce wankin kayansa da wankin rariya duk ɗaya ne. Ƙofofi yake yi, da ƙarafan taga, da gadaje. Rabin gidajen unguwarmu da ƙofarsa suke kwana.

Yana da wata ɗabi'a a aiki da kowa ya san shi da ita. Ba ya haɗa ƙarfe gaba ɗaya da farko. Sai ya ɗiga wuta a kusurwoyi kawai, yadda ƙarfen zai tsaya, ya jingine shi a bango, ya kira mai kaya ya gani. Ɗigo, da guduma ɗaya ake ɓalle shi. Sai mutum ya tabbatar masa haka yake so, sannan ya sauke gilashin fuska ya ja wuta tun daga wannan ƙarshe har wancan. Abin da ya ja wa wuta kuwa ya gama da shi. Ko roƙonsa ka yi ba zai yanke ba, sai dai ka kai wa wani.

'Yarsa ɗaya ce, nas ce a asibiti, mijinta kuma direban babbar mota ne da ba ya zama. Don haka jikarsa, wadda yake kira Gimbiya, a shagon take yini bayan an tashi makaranta. Ya ƙera mata 'yar kujera da ɗan tebur a ɗakin ajiya na baya, inda hasken walda ba zai taɓa mata ido ba. Kullum suna cikin faɗa.

"Kaka, kana warin hayaƙi."

"Ke kuma kina warin rashin kunya. Zo ki riƙe mini awo."

Bindiga ta shigo rayuwarsa ne bara, bayan wasu mutum biyu a kan babur sun tsaya ƙofar shagon da rana tsaka. Ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a kunne, ɗaya ya kwashe wayoyin injin walda. Gimbiya tana zaune a bakin ƙofar baya da fensir a hannu, ta ga komai. Kwana da kwanaki yarinyar ba ta yi magana ba. Abin da ya ci masa rai ba wayoyin ba ne. Ya ce mini, yana kan kujerata, idonsa a rufe, "Wanzam, a gabanta na durƙusa. Da sun miƙa hannu gare ta, ba ni da abin yi sai kallo."

Abu biyu ya yi. Na farko, ya sa wa ɗakin baya ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, ya rataye wani tsohon rim, ƙarfen tayar mota, a bakin shago. Ya koya wa Gimbiya kamar wasa: duk lokacin da ta ji ya buga rim da guduma, ta shige ta sa sakata, kada ta buɗe sai ta ji muryar uwarta ko tasa. Na biyu, ya bi hanyar hukuma, ya yi ta zarya har aka ba shi izini, ya sayi bindiga.

Daga nan shagona ya koma majalisa. Mai faci yana cewa da kowa yana da tasa, da ba wanda zai ƙara tsayar da babur a layinmu. Mai kantin magani yana cewa in kowa ya riƙe, rigimar wurin ajiye mota ma sai an ɗauki gawa. Tartsatsi kuwa yakan ce shi bai san zancen kowa ba, jikarsa ya sani. Ni dai aski nake yi, wanda na ga ya ɗaga murya in danna masa kai.

Wadda ta fi tsaya masa a wuya 'yarsa ce. Ta zo shagon da kayan aiki a jikinta, ta ce, "Baba, ni nake wanke waɗanda ake kawowa. Ba duka ɓarawo ne ya harbe su ba. Wani ƙanensa ne, wani ɗansa ne yana wasa. A nan 'yata take yini."

"Ke, ni da nake yi wa mutane ƙofa, zan kasa yi wa bindiga ɗaki?"

Ya ƙera akwatin ƙarfe mai kauri, ya kafe shi a siminti ƙarƙashin teburin aiki, ya sa masa kwaɗo, makullin a igiya a wuyansa. Mai faci ya leƙo ya yi ta dariya.

"Maigida, in suka zo sai ka ce su ɗan jira ka nemo makulli? Ka ba su kujera ma."

Maganar ta shige shi. Ya koma barin kwaɗon a buɗe lokacin aiki. Sai kuma ya kasa sauke gilashin fuska, don in ya sauke ba ya ganin komai sai wuta, kuma bai san inda Gimbiya take ba. Ya mayar da kwaɗo. Ya sake cirewa. Haka ya yi ta yi wata da watanni, har ya rame. In ya bar ta kusa da hannunsa, tana kusa da hannun yarinyar. In ya nisanta ta da yarinyar, ta yi masa nisa shi ma. Ya auna abin ta kowane gefe kamar yadda yake auna taga, bai sami inda ya zauna daidai ba.

Wata rana da yamma ya zagaya baya ya watsa ruwa, ya rataye makullin a ƙusa. Da ya fito, ya tarar da Gimbiya a durƙushe ƙarƙashin teburi, murfin akwatin a buɗe, hannunta a kan tsumman da ya naɗe bindigar.

"Kaka, me ka ɓoye mini? Alewa ce?"

Bai yi mata tsawa ba. Ya zauna a ƙasa ya jawo ta jikinsa, tana ta ture shi wai ya jiƙa mata riga. A ranar ya rufe murfin ya ɗiga masa wuta a kusurwoyi. Na ce masa ya mayar wa hukuma mana, ko ya sayar. Ya ce sayarwa dai a'a, don gidan da za ta je shi ma da yara. Mayarwa kuma zuciyarsa ba ta kai nan ba tukuna. Akwatin ya zauna da ɗigo kusan wata guda, guduma a gefensa.

Abin da ya faru ranar da aka kashe shi, daga bakin mai faci na ji, don yana kwance rub da ciki a ƙofar shagonsa, bango ɗaya tsakaninsu. Su uku ne wannan karon. Tun kafin su sauka daga babur Tartsatsi ya buga rim, aka ji sakata ta faɗa. Ya nuna musu inji, ya nuna musu wayoyi, ya ce su ɗauka. Amma ɗayansu ya hango akwati a kafe a siminti, an ja masa wuta ta kowane gefe, ya ce abin da aka rufe haka ba ƙaramin abu ba ne.

"Tsoho, buɗe."

"Ba ya buɗuwa."

"Ga injin yanka nan. Yanke."

"Ba kuɗi a ciki, wallahi."

"To mene ne?"

Da ya yanke, da bindiga ce zai miƙa wa mutanen da ke tsaye taku kaɗan da ƙofar da jikarsa take bayanta. Suka cusa masa injin a hannu, ya ajiye shi a ƙasa. Suka sake cusa masa, ya sake ajiyewa. Mai faci ya ce ko muryarsa ba ta tashi ba, har suka harbe shi.

Gimbiya ba ta buɗe wa kowa ba. 'Yan sanda sun buga, ni ma na roƙe ta, ta ƙi. Sai da uwarta ta iso daga asibiti ta kira ta, sannan aka ji sakata ta motsa.

A wurin zaman gaisuwa gardamar ta sake tashi, ƙasa-ƙasa. Mai faci yana hawaye yana cewa da bai rufe akwatin ba da yanzu yana raye. Mai kantin magani ya ce da bai saye ta ba tun farko, da ba akwatin da za su gani. Aka juyo ana kallona, wai ni na fi kowa saninsa. Na dai san ya yi ta juya abin har ya hana shi ci, kuma na san gefen da ya zaɓa, don da bakinsa ya gaya mini.

Da safen ranar da aka harbe shi ya zo gyaran gemu. Na gama gefe ɗaya ke nan aka ɗauke wuta. Muka zauna muna jira, shi da ƙyalle a wuya, yana kallon kansa a madubi.

"Jiya na gama da akwatin nan," in ji shi.

"Ɗigo ka ƙara?"

"Ja na yi. Duk gefe huɗun."

"To in suka dawo fa?"

"Su ɗauki inji, in sayi wani. Yau ne na fara sauke gilashi ban waiwaya ba." Ya duba rana ta ƙofa, ya miƙe yana kwance ƙyallen. "An kusa tashinsu. In na makara Gimbiya za ta ci ni tara."

"Haka za ka bi layi da rabin gemu, kamar akuyar da ta faɗa wuta?"

"Kai ma yau ɗigo ka yi mini, Wanzam. Bari ta gani tukuna, in ta ce ya yi sai ka ƙarasa."

"In an kawo wuta ka dawo."

"Ajiye mini kujerata," in ji shi. "Yanzu zan dawo."