Mutumin Sabuwa da Yaya Ya Baro a Ɗaure

Yayana tela ne a Ƙanƙara. A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba, lokacin da kowa ke sayen rediyo da babur, ya sayar da kekensa na ɗinki ya tafi aikin hajji. Bai dawo tare da alhazai ba. Suka ce ya tsallaka wata ƙasar Larabawa inda aka ce ɗinki na da tsada. Ba zan kama sunan ƙasar ba, shi ma bai cika kamawa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, shiru. Inna ta daina tambayar matafiya. Ni kuwa ina fataucin hatsi tsakanin Ƙanƙara da Faskari, ina riƙe da iyalinsa haɗe da nawa.

Wata ranar kasuwa da hantsi mota ta sauke shi a tasha. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya rame, yana taka ƙasa da gefen ƙafa kamar mai faso.

Bayan ya huta ya ba mu labari. Jami'an tsaro ne suka kewaye unguwar baƙi suka kwashe duk wanda suka samu. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a faɗa masa laifinsa ba. Sukan ɗaure masa ƙafafu su yi ta dukan tafin da sanda, wai sai ya faɗi sunayen wasu mutane da bai taɓa jin labarinsu ba. Rannan kawai aka buɗe ƙofa, aka zuba su a jirgi. Yadda ba a gaya masa dalilin kamu ba, haka ba a gaya masa na saki ba.

Inna ta ce a gode Allah, a bar maganar. Yaya ya ce ba za ta baru ba. A ɗakin da aka tsare su akwai wani mutumin garin Sabuwa, ɗan wani dillalin shanu. Mutumin ne ke goya Yaya zuwa makewayi duk lokacin da ƙafafun suka kumbura. Shi ba a sake shi ba.

Ya fara faɗin abin da ya gani a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mutane suka riƙa sulalewa. A lokacin nan ba a son jin aibin wancan ɓangaren na duniya. Liman ya ja shi gefe, ina tsaye.

"Alhaji, ka rufa ma kanka asiri," in ji Liman. "Cewa za a yi wani abu ka aikata."

"Malam, wanda ke buguna yakan aje sanda ya tahi salla ya dawo ya ci gaba," in ji Yaya. "Ni ban zagi kowa ba. Cewa na yi akwai mutum a ɗaure, ba a hwaɗa mashi laihinshi ba."

Liman ya ce zai sa mutumin a addu'a.

Ni na kai Yaya Sabuwa a bayan babur. Ba mu san gidan su mutumin ba, sai a kara, kasuwar shanu, aka nuna mana. Ashe har sun yi masa sadakar mutuwa, sun haƙura. Mahaifinsa, wani dogon tsoho, ya saurari labarin har ƙarshe bai motsa ba.

"Da ka baro shi yana iya tsayuwa?" ya tambaya.

"Yana iyawa, Baba."

"To, sai mu tashi."

Daga nan suka shiga yawo su biyu. Suka je wajen hakimi, suka je Funtuwa, suka je Kaduna, don a lokacin, can ne hedikwatar jiharmu. Wannan ofis ya tura su wancan. Duk inda aka ce ina shaida, sai Yaya ya zauna a ƙasa ya cire takalmi. Wasu ma'aikatan kan kau da kai, wasu kan kira abokan aikinsu su zo su gani. Duk maniyyacin da zai tashi daga yankinmu kuwa, sai Yaya ya same shi har gida ya roƙe shi ya ambaci mutumin a gaban duk wani jami'in ƙasarmu da ya gani a can.

A ƙarshe wani ɗan kwangila daga Mairuwa, wanda ke yawan zuwa Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin, ya ji labarin ya ce zai kai maganar gaba. Ko ya kai, ko bai kai ba, ban sani ba. Bayan kaka ta biyu dai mutumin Sabuwa ya dawo, kunnensa ɗaya ya mutu. Shi ma bai san abin da ya sa aka sake shi ba.

Ya zo Ƙanƙara sau ɗaya. Suka zauna a zaure shi da Yaya, aka kawo fura suka sha, suka yi hirar tsadar taki da ta shanu. Da la'asar ya koma.

Ƙafafun Yaya ba su ƙara iya taka keken ɗinki ba, sai ya koma sayar da yadi a kasuwa. Rumfarsa ta zama wurin da masu ɗa ko miji da ya ɓace a waje ke zuwa, daga Yargoje, daga Mabai, har daga nesa. Yakan gaya musu ƙofar da za su fara bugawa da wadda ba ta da amfani, wani lokaci ya rufe rumfar ya raka su. Yawancinsu ba su samu nasu ba. Haka ya yi ta yi har tsufa ya zaunar da shi.