Malamar da ta riƙe mini hannu

Ina ɗakin awon masu ciki a Karaye wata ƙawata da muka yi makarantar koyon jinya tare ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce Allah ya yi wa Malama Rakiya rasuwa bayan sallar asuba. Na yi salati, na nemi kujera na zauna. Can na lura ina ta kallon wuyan hannuna na dama, wurin da Malama ta taɓa riƙewa.

Malama Rakiya ce ta koya mana yadda za mu kiyaye marar lafiya daga kuskuren hannunmu. A bayan idonta Malama Sake-Dubawa muke kiranta, domin ko maganin ciwon kai za ka bayar sai ta sa ka karanta kwalin sau uku. Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Abin da take yawan faɗa mana shi ne, allurar da ta riga ta shiga jiki babu mai zaro ta.

Ni kuwa a lokacin rawar kai ta yi mini yawa. Da aka tura mu koyon aiki wani ƙaramin asibiti a ƙasar Rogo, damina ce, zazzaɓi ya cika ɗakin yara, gado ɗaya yara biyu. Aka ba ni allurar wani yaro mai suna Usman. Na je wurin wata Bafulatana daga rugagen Falgore da ke zaune nesa kaɗan da ɗanta, na tambaye ta ko wannan ne Usman. Ta sunkuyar da kai, ta kau da fuska. Na ɗauka ta amsa ke nan, na kama cinyar yaron.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Malama ce. Ba ta ɗaga murya ba, ta karɓi sirinjin, ta kira kakar yaron da ke bakin ƙofa ta tambaye ta sunansa. Buba ne, ɗan farin matar, wanda kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunansa ba ko da za a kwana ana tambaya. A katinsa kuma an rubuta da jan biro cewa irin wannan allurar ta taɓa kumbura shi har numfashinsa ya so ɗaukewa.

Na shiga ɗakin ajiye magani na yi kuka, ina jiran a kore ni. Ta biyo ni ta zauna a kan kwali. Ta ce: "'Yata, uwar ba ta yi laifi ba, tarbiyyarta ta bi. Ke ce kika sa mata suna a baki. Tambaya ake yi a jira amsa, shiru ba amsa ba ce." Ta sa na rubuta abin da ya faru da hannuna, ba don a hukunta ni ba, don na baya su karanta. Daga ranar duk yaron da aka kwantar sai an liƙa masa filasta a hannu, da sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensu, daga bakin wanda ba ya jin nauyin faɗa.

Watan jiya na je duba ta a gida, jikin ya yi nauyi. 'Yarta ta roƙe ni in yi mata allurar da likita ya rubuta. Na haɗa, na matso, sai ta janye hannunta cikin zane. Na ɗauka zafi take tsoro. Da ƙyar muryarta ta fito: "Ba ki tambaye ni sunana ba."

Na ce, "Malama, yaya sunanki?" Hawaye ya hana ni ganin kwalin sosai, sai da na goge na karanta sau uku. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta, sannan ta miƙo mini hannun.

Allah ya jiƙan Malama Rakiya, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Duk wani rai da ya tsira ta dalilin abin da ta koyar, Allah ya sa a mizaninta. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, mu kuma da ta bari da sirinji a hannu, ya tsare bayinsa daga gaggawarmu. Amin.