Ranar da Na Je Ɗauko 'Yar Yayana

Shekarun baya, da yayana ya rasu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mahaifiyata ta tura ni in ɗauko 'yarsa. Shekara goma sha biyar ya yi yana loda takalma daga kasuwar Zhanxi Lu zuwa Kano, ya auri 'yar ƙasar, suka haifi mace ɗaya. A gidanmu kuwa maraya na dangin uba ne, ba a ma tattauna wannan.

Matar ba ta yi mini musu ba. Da ta fita takaba sai ta ce in raka su wurin aikinta. A wani ɗakin bincike take, inda suke nazarin dolfin, wasu dabbobin ruwa masu kama da manyan kifaye, da ke rayuwa a daidai inda kogi ya shiga teku. Ni da ko a dam ɗin Tiga ban taɓa shiga kwalekwale ba, sai ga ni a jirgin ruwa na ƙanƙame ƙarfe ina salati, yarinya 'yar shekara shida tana mini dariya.

Can sai wata dolfin ta ɓullo, ruwan hoda, da ɗanta baƙi-baƙi a gefe. Ni da wautata tambayata ta farko ita ce ko ana ci. Matar ta bayyana mini cewa daga ɗan ƙyallen fata suke gane danginsu, kuma waɗannan sun daɗe a wannan ruwa mai laka, rabi gishiri rabi daɗi, har jikinsu ya saba da shi. Na ce tunda jiragen kaya sun takura musu, a kwashe su zuwa wani teku mana.

"Ana iya kai su," in ji ta. "Rayuwar ce ban sani ba."

Yarinyar kuwa tana ta nuna su tana zuba Sinanci, ta juyo ta ce, "Baffa, gani!" Kusan iyakar Hausarta ke nan.

Da na kira gida na ce, "Hajiya, ba zan iya raba ta da uwarta ba." Sai ta ce Allah Ya raya.

Har yau ina ganin daidai na yi, amma abin bai daina yi mini ciwo ba. Bayan shekara uku Hajiya ta rasu ba ta taɓa riƙe hannun jikarta ba. Da muka buɗe akwatinta, muka tarar da kayan Sallah na yarinya kala uku, kowanne ya fi na baya girma.