Na'urar Taubashina Ta Cinye Mini Ruwan Shuka

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ya sa ruwan shuka na fari ya wuce ni a shekarar da na ci burin fin kowa gero, kuma ba zan manta da wannan ba har in koma ga Allah. Muna gaisawa, har ɗaurin auren 'yarsa na je na ci shinkafa, amma abin yana nan a maƙoshina.

Ni a garin Gaya nake zaune, gonar da na gada kuwa tana can wajen Toranke, a ƙasar Ajingi. Shekara da shekaru wani Bafulatani maƙwabcin gonata ne yake yi mini huɗa da shanunsa. To a shekarar sai wani kamfanin hayar tarakta ya buɗe ofis a Gaya da ɗan reshe a Ajingi, aka ɗauki taubashin nawa manaja. Shi ya yi boko mai zurfi, ni kuwa a aji uku na sakandare na jefar da biro.

Na je in sa ya rubuta sunana, sai ya tuntsire da dariya. "Taubashi, wa yake rubuta suna yanzu? Ga lamba ɗaya tak. Ranar da ruwa ya sauka, kana kishingiɗe ka kira, tarakta za ta riga ka zuwa gona." Ni kuma da wautar girma, na je na ce wa mai shanu bana ya huta. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya nuna mana," ya ba wani gurbina.

Ranar Talata aka sheƙa ruwa. Da safe na kira. Wata muryar mace mai zaƙi ta yi mini maraba, har na fara tambayarta mutanen gida kafin na gane na'ura ce. Ta ce mutumin Gaya ya danna ɗaya, mutumin Ajingi ya danna biyu. To ni wane ne? Ni ina Gaya, gona tana Ajingi. Na danna ɗaya. Akawun Gaya ya ɗauka, da ya ji Toranke sai ya ce, "Baba, wannan ba namu ba ne, bari in tura ka." Aka sa mini wani kiɗa irin na gidan biki, can sai ga mai zaƙin murya tana sake yi mini maraba kamar ba ta taɓa jina ba. Na danna biyu. Wayar Ajingi ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai na'urar ta ga ai bai kamata a bar ni ba kowa ba, ta mayar da ni wurin akawun Gaya. "Baba, kai ne kuma?" Ya sake tura ni.

Kwana biyar ina wannan ɗawafi. Na kira taubashin a wayarsa ta hannu, ya ce in ƙara haƙuri, tsarin zamani ba ya son gaggawa. Har maiɗakina ta haddace kiɗan, tana rera shi tana tankaɗe.

Rana ta shida na hau babur zuwa Ajingi. Na tarar da reshen da kwaɗo a ƙofa. Na tsaya bakin taga na kira, na danna biyu, ina kallon wayar a kan tebur tana kuka ita da ƙadangare. Mai shayin wurin ya ce ai ma'aikacin guda ɗaya ne, kuma shi ne direban taraktar, duk wanda ya tare shi a hanya shi yake yi wa aiki. Na wuce gona. Danshi ya tafi, geron maƙwabta har ya tsiro. Na tsuguna gaban mai shanu ina sosa ƙeya, ya ce sai ya gama da mutum bakwai. A ruwa na biyu na yi shuka, kuma geron da na girba a shekarar, ko tsuntsaye ba su wahalar da kansu a kansa ba.

A ranar ta shidan nan, daga gonar na zarce ofishin Gaya, da ƙasa har gwiwa. Taubashi yana ƙarƙashin fanka. Ya ɗaga yatsu biyu yana yi mini karatu: layin Gaya daban, layin Ajingi daban, kowanne da hanyarsa zuwa babbar na'ura a Kano, shi ya sa in an tura kira daga wannan zuwa wancan sai ya koma farko. "Matsalar haɗi ce kawai, Taubashi, injiniya zai zo."

Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Taubashi, Gaya da Ajingi tafiyar ɗan lokaci ce a babur, jaki ma ya san hanya, amma ka kawo abin da sai ya je Kano ya dawo bai kai saƙo ba. Ni dai na yi karatun da ban yi a aji ba. Ba na ƙara ba da amanar gonata ga abin da ba zan iya kallon ƙwayar idonsa in ce ya ji kunya ba. Kai kuwa ga ni ga ka, to ka ji kunya."