'Yan Zuƙau da Sista Akosuwa

Har gobe ban manta da Talatar da manaja ya aiko a kira ni daga ɗakin ɗaukar murya ba. Lokacin ni ce mai shirya wasan kwaikwayo na sashen Hausa a gidan rediyonmu na nan Tamale. Ku da kuka fara aiki a nan daga baya ba ku tarar da wasan ba.

Ni na ƙirƙiro ƙasar da ake labarin, na sa mata suna Kurmaza. Na ƙirƙiro dodanninta, 'Yan Zuƙau. Sukan shiga ƙauye da fararen kaya, su ce magani suka kawo, su huda hannun mutum da siririyar ƙaya, su tatse jininsa cikin salka, su kai wa sarkinsu ya sha. Ƙa'idarmu ita ce shugaban shirye-shirye ya karanta rubutu ya sa hannu kafin a ɗauka. Ya karanta, ya yi dariya, ya sa hannu. Wasan ya karɓu, har direbobin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na tsokanar juna da sunan.

Da na shiga ofis, na tarar da wata mata zaune, goshinta a ɗaure da bandeji, farar rigarta ta yage a kafaɗa. Manaja ya ce, "Hajiya, ga Sista Akosuwa. Ita ke jagorantar masu karɓar gudummawar jini a asibiti."

Mutuniyar kudu ce, da Hausar kasuwa ta yi min magana. Ta ce, "Hajiya, ke ne kin rubuta dodon nan?"

Na ce ni ce.

Ta ce jiya sun je wani ƙauye bayan gari. Mutane sun ba da jini lafiya, har sun fara haɗa kaya, sai wani ya hango jakunkunan jinin ya ƙwala ihu, "'Yan Zuƙau!" Aka rufe su da jifa. Aka fasa akwatin sanyin, aka tattake jakunkunan a ƙasa.

Na ce, "Ai wasa ne, Sista! Babu wata ƙasa Kurmaza."

Ta ce, "Ni na sani. Amma akwai wata mata daga unguwar Nyohini, ta haihu jiya, jini ya ƙi tsayawa. Irin jininta babu a firij, mu aka jira. Ta rasu kafin la'asar. Jaririya tana wurinmu."

Na zauna a ƙasa, a kan siminti. Manaja na magana, ban ji ko kalma ɗaya ba. Fararen kayan nan da huda hannun, daga ina na samo su? Daga ranar da aka ɗebi jinina a asibiti na samo, don kawai ya ba mutane tsoro. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai masu wannan aikin da gaske ba.

Manaja ya so a dakatar da wasan shiru. Na roƙe shi ya ba ni filin wasan na ranar Asabar. Muka ɗauki makirufo zuwa asibiti tare da Alhaji Fuseni, dattijon da ke yin muryar sarkin dodannin. Ya faɗi sunansa da unguwarsu, Zogbeli, ya ce tela ne shi, babu dodo. Sista ta ɗebi jininsa, ta ɗebi nawa, duk masu sauraro na ji. An daɗe kafin ƙauyen nan ya sake karɓar motar su Sista.

Na je ta'aziyya Nyohini. Mijin marigayiyar ya karɓe ni, ya ce matarsa ba ta taɓa barin wasan ya wuce ta ba.

Shi ya sa nake matsa muku idan kun kawo rubutu. Mai sauraro ba ya ganin fuskarku, muryarku kawai yake ji, kuma ya yarda da ita. Kafin ku yi wa dodo kama, ku duba ko akwai mai irin wannan kamar da zai fita aiki gobe da safe.