Hannun da Na Ɗaga a Tasawa

Shekara guda na yi ina zuwa Tasawa daga Mayahi, Asabar biyu a wata, don wani horon rubutun adabi da aka shirya wa malaman lakwal, wato makarantar boko, masu digirin lisansi. Mu goma sha huɗu ne. An yi mana alkawarin littafi a ƙarshe, amma labari takwas kawai zai ɗauka, kuma mu da kanmu za mu tace da ɗaga hannu. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba.

Kafin wata biyu mun rabu gida biyu. Akwai 'yan gindin bedi, waɗanda suka yi karatu a Yamai, ba sa iya cewa labari ya yi daɗi sai da Faransanci. Akwai 'yan baranda masu kirarin kishin Hausa, alhali ba wanda ya taɓa kai littafin Hausa ƙarshe a cikinsu. Kowane gida da butar shayinsa da ubangidansa. A wajen shayin ake yanke wa labari hukunci tun ba a ji shi ba, in an koma aji sai maimaici. Ni na raɓu da 'yan bedi. Ba wanda ya kira ni. Na lura ba mai wanke kofuna, na fara wankewa, aka bar ni na zauna. Zagaye na uku nake samu, ruwan sukari zalla, ina ta godiya.

Mutum ɗaya ce ba ta da gida: wata malama daga Baudeta, 'yar makiyaya, ta girme mu duka. Madam muke ce mata. Mace ba ta zama fadar maza, don haka a bakin ƙofar aji take cin abincinta tana kallonmu. Ita ce ta zauna ta gyara mini labarina layi-layi, abin da ba wanda ya yi mini a gindin bedi. Ta taɓa gaya mini shekara biyu suka rage mata ta ajiye alli, kuma burinta ta ga sunanta a littafi ko sau ɗaya.

Ranar zaɓe ta karanta nata. Babi ne daga wani littafi da take rubutawa a kan marubutan da suka rabu gida biyu. A ciki wani ɗalibi ya mutu a kujerarsa ana tsakiyar aji, aka yi mako uku ba a lura ba. Gida ɗaya na yabon zurfin shirunsa, ɗayan na cewa kwaikwayon Turawa ne.

'Yan bedi suka yi ta dariya suna kallon 'yan baranda, su ma suna ramawa. Sai ta zo kan ubangidan da yatsarsa ke shafi ɗaya na littafi tun farkon shekara, dariya ta fara ƙarewa. Sannan ta zo kan mai wanke kofuna, har da yadda yake goge su da gefen rigarsa. Kunnuwana suka yi zafi. Amma ko a lokacin na san ba a taɓa karanta abu mai kyau kamarsa a ɗakin nan ba.

Da aka fita hutu, iyayen gidan biyu suka zauna a buta ɗaya, karo na farko a shekarar. Abin ƙyama.

"Wanga ba adabi ba na, c'est un règlement de comptes, ramuwar gayya ta," in ji na bedi.

"Cin mutunci na ƙwarai," in ji na baranda. "Mu za ta maishe abin dariya?"

Na bedi ya juyo ya miƙo mini kofi na zagayen farko, mai ɗaci. "Kai, naka labarin na cikin takwas ɗin hwa. Ka dai san abin yi."

Aka koma aji. Mai horar da mu ya ce waɗanda ba su yarda da babin Madam ba su ɗaga hannu. Goma sha biyu suka tashi tare. Ko ban ɗaga ba an riga an kayar da ita, na kuma san haka sarai. Na kai hannuna kunne kamar mai susa, na ga ana kallona, na miƙe shi gaba ɗaya.

A tasha na same ta tana jiran kabu-kabu. Na so in ratse, ta kira ni.

"Ƙanena, zo ka gani."

Ta buɗe kayenta, littafin da take rubutu a ciki, a shafin ƙarshe na babin, ta nuna mini layi biyu da aka soke.

"A gida na rubuta mai kofin nan ya ɗaga hannu tare da su. Jiya na soke, na ce na zalunce ka, ba za ka yi ba." Ta laluba jakarta ba ta sami abin rubutu ba. "Ara mini bik ɗinka."

Na ciro na ba ta. Ta ɗora kayen a gwiwa, ta sake rubuta layin biyu a hankali ina tsaye a kanta. Ta mayar mini da bik ɗin, ta ce ta gode, ta ce in gaida gida.